Malam, Maganarka Ce Ke Riƙe Aji

'Ya'yana sabbin malamai, maza da mata,

Duk wanda ya zo gaishe ni a cikinku, da an taɓa zancen albashi da kuɗin mota, ƙorafin da ke biyo baya guda ne: yaran yanzu ba sa jin magana. Wannan ya ce ya yi tsawa har muryarsa ta dishe. Waccan ta ce ranar da ta shiga aji babu tsumagiya, ko sallamarta ba a amsawa. Ban ƙaryata ku ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce yara 35 ga malami guda a firamare, ku kuwa ana damƙa muku ninki biyu ko uku na haka, rabinsu a ƙasa, wani bai karya ba, wata sai da ta kai tallan koko kafin ta sa kayan makaranta. Mu da muka kama aiki a zamanin UPE, shirin ilimin firamare ga kowa da aka buɗe a 1976, mun ga irin wannan cikowa. Azuzuwa suka cika kafin a gama horar da masu shigarsu, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekarar don a cike giɓin. To, ba daga inuwa nake yi muku magana ba, na san zafin ranar.

Yaro, ko ɗan aji ɗaya ne, yana auna malaminsa tun a makon farko, kuma abu guda yake son ya gano: in malam ya faɗi magana, tana tabbata? In ya ce wanda ya gama aiki da wuri zai riƙe ƙwallo a lokacin tara, yana ba shi? In ya ce wanda ya jefi ɗan'uwansa zai koma gaban aji, yana mayar da shi, ko da ɗan mai unguwa ne? Malami kamar mai awo ne a kasuwa. Mutane suna haƙuri da mai awon da ba ya yin gyara, muddin mudunsa guda ne ga kowa, yau da gobe. Wanda suke gudu shi ne mai mudu biyu. Yawancin abin da kuke kira rashin jin magana, in an bi diddigi, yara ne da suka auna maganar malam suka tarar wani lokaci tana aiki, wani lokaci ba ta yi, shi ya sa kowace safiya sai sun sake gwadawa.

Mu fara da abin da kake so yara su yi. Da yawanku kuna shiga aji da tsammanin cewa yaro ya riga ya san ladabin makaranta, sai ku jira ya karya dokar da ba a taɓa gaya masa ba, sannan ku hau shi da faɗa. Ai ba ka buge yaro don bai iya raba lamba ba kafin ka koya masa. Zama a aji ma darasi ne, koyar da shi ake yi. Yadda ake shigowa, inda ake ajiye takalmi, yadda ake neman izinin fita, yadda ake miƙo littattafai daga baya zuwa gaba ba tare da kowa ya tashi ba, abin da za a yi in fensir ya karye: duk ka nuna, ka sa a gwada, a sake gwadawa, har ya zama jiki. Makon farko da za ka ɓatar a kan wannan zai dawo maka da riba har ƙarshen zango. Dokokin kuma kada su wuce abin da yaro zai ƙirga da yatsun hannu guda, a faɗe su da Hausar da yake ji, a kuma faɗi abin da ake so a yi. "A daina hayaniya" ba ta gaya wa yaro komai. "In malam ya ɗaga hannu, kowa ya ajiye biro ya dubo allo" ita ce umarnin da za a iya bi, a kuma iya ganin wanda bai bi ba.

Ku duba makarantar allo da idon basira. Malami guda yana zaune a kan buzu, yara birjik a gabansa, amma kowane kolo ya san abin da zai yi da isowarsa: ya ɗauki allonsa, ya zauna inda ya saba, ya maimaita karatunsa, in ya zauna masa ya je ya biya wa malam, a ba shi izinin wankewa, a rubuta sabo. Babu mai jiran a gaya masa. Akwai abubuwan da ba zan yaba ba a wasu tsangayu, zan kuma zo kansu, amma wannan tsari na kowa ya san aikinsa ya cancanci koyi. Wani Ba'amurke mai suna Jacob Kounin ya ɗauki hotunan bidiyo na azuzuwa masu yawa, ya fitar da littafinsa a 1970. Ya shiga binciken yana neman salon tsawatarwar da ya fi aiki, sai ya tarar bambancin malamai ba a nan yake ba. Waɗanda ajinsu ke zaune lafiya su ne waɗanda idonsu ke ko'ina, suna ganin ɓarna tun tana tsiro, suna kiran sunan mai laifin na gaskiya, kuma ba sa barin giɓi tsakanin wannan aiki da na gaba. Minti biyar ɗin da kake juya baya kana kwafe rubutu daga littafi zuwa allo, ko kana danna waya, a nan ne ake cuna wa juna faɗa. Ka zo da darasinka a shirye, ka riƙa zagayawa har layin baya, za ka ga rabin hukuncin da kake yi ya zama ba a bukatarsa.

Sai kuma abin da ba a son faɗi. Malamin da ke isowa bayan an gama taron safe ba shi da bakin tsare 'yan makara a bakin ƙofa. Yara suna gani, suna kuma lissafi.

Akwai wani tsammanin da ya fi na doka zurfi, wato abin da kai kanka ka ɗauki yaron. Mu Hausawa mun san nauyin baki, shi ya sa uwa ko ranta ya ɓaci take cewa "Allah Ya shirye ka". Amma sai ka ji malami ya laƙaba wa yaro daƙiƙi, ko jaki, ko ɗan iska, 'yan aji su ɗauka, sunan ya bi shi har gida. Yaron da aka yanke wa hukuncin cewa ba zai yi abin kirki ba, me kuma zai yi asara in ya ƙi yi? Sai ya nemi suna ta ɗaya hanyar, ya zama gwanin ba aji dariya ko shugaban masu tsallake katanga. Ka soki aikin, ka bar yaron da mutuncinsa. Tsakanin "wannan rubutun bai kai naka na jiya ba" da "kai dai ba ka da kai" akwai tafiya mai nisa.

Yanzu batun lada. Na san wasunku suna ganin yabo yana lalata yaro, yana sa shi girman kai. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, bai ga haka ba. A cikin Ihya'u, inda ya yi bayanin tarbiyyar yara, ya nuna cewa in yaro ya yi abin kirki a girmama shi, a saka masa da abin da zai faranta masa rai, a yabe shi a gaban mutane. In ya yi kuskure karon farko, musamman in yana ƙoƙarin ɓoyewa, a kau da kai, kada a tona shi. In ya sake, a yi masa faɗa a asirce. Ya kuma yi gargaɗi a kan yawan faɗa kowane lokaci, domin yana sa kunnen yaro ya saba har maganar ta daina yi masa nauyi. Ƙarnuka bayan haka, a 1968, wasu masu bincike uku a Amurka, Madsen da Becker da Thomas, suka gwada abin a aji mataki mataki. Da aka kafa dokoki kaɗai, halin yaran bai sauya sosai ba. Da malamai suka haɗa da yaba wa mai bin doka da kau da kai daga ƙananan shirme, sai rigima ta ragu a fili. Abin da malamanmu suka karanta a zaure tun tuni, shi ne waɗannan suka ƙirga da agogo da takarda.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A aji mai cunkoso, abin da ya fi tsada shi ne idon malam. In hanyar samunsa ita ce tsokana, za a yi tsokana. Ka tambayi kanka sunayen da ka fara riƙewa a sabon aji: na fitinannu ne. Yarinyar da ke zuwa da wuri kullum, ta share wurinta, ta yi aikinta, tana iya gama shekara ba ka kira sunanta sau uku ba. To, ka juya lamarin. Maimakon ka daka wa layin da ke surutu tsawa, ka ce, "Layin su Hadiza sun buɗe shafin, sun shirya, madalla." Ka ga yadda sauran za su yi ta laluben jaka.

Amma yabo ma yana da ƙa'ida. Ya zama gaskiya, domin yara suna gane na ƙarya tun kafin ka rufe baki. Ya kuma ambaci abin da aka yi. "Yaro mai kirki" ba ta kai "na ga ka ba Sani aron fensir ba tare da ya roƙa ba". Ku kuma fi yaba ƙoƙari a kan baiwa, domin wanda aka saba ce wa mai ƙwaƙwalwa yakan ji tsoron tambaya mai wuya kada sunan ya zube, wanda kuwa aka yaba wa naci yakan ƙara naci. A ƙananan azuzuwa, "ku tafa masa" tana da daraja ƙwarai. A babbar sakandare kuwa a yi hattara: saurayin da ka yaba a gaban abokansa yana iya shan tsiya a wajensu har ya yi da-na-sanin yin abin kirkin. Shi kalma biyu a gefen littafinsa, ko a baranda in kun haɗu, ta fi masa.

Alewa da biskit da 'yan kuɗi fa? Albashin naku ma ba zai ɗauka ba, wannan kam ya hutar da mu doguwar muhawara. Amma ko da kuna da hali, ku ji wannan. A 1973, wasu masu bincike, Lepper da Greene da Nisbett, suka ɗauki 'yan yara na makarantar reno waɗanda da ma suna son zane. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, wasu aka ba su ita ba zato bayan sun gama, wasu ba a ba su komai ba. Bayan 'yan kwanaki aka ajiye kayan zane aka zuba ido. Waɗanda aka yi wa alkawarin lada sun rage zanen sosai, sauran kuwa suna nan yadda suke. Abin da yaro ke yi don yana so, in ka sa masa farashi, ya zama ƙodago, ranar da babu biya babu aiki. Saboda haka kyauta ta zo jefi-jefi, ba tare da ciniki ba. A nan ma makarantar allo ta yi dabara: ladan wanda ya iya karatunsa shi ne a ƙara masa wani karatun, kuma babban abin da yake hange shi ne allo mai zayyana ranar sauka.

Ladan da ba ya cin ko kwabo, kuma ya fi daɗewa a zuciya, shi ne amana. Riƙe makullin aji, ɗauko alli daga ofis, buga ƙararrawa, jagorantar addu'ar safe, kula da shukar da ke bakin taga. Ku riƙa juya waɗannan, kada su zama gadon yara uku. Sau da yawa yaron da ya fi kowa tsalle-tsalle, in ka ɗora masa raba littattafai, ka sama wa ƙafafunsa aikin halal. Haka kuma saƙo zuwa gida. Iyaye da yawa ba su taɓa jin an neme su daga makaranta ba sai don laifi ko kuɗi. Ranar da ka tare uba a masallaci ko a kasuwa ka ce, "Alhaji, ɗanka ya kyauta a wannan makon," ka sayi uban da ɗan gaba ɗaya. Bikin ba da kyaututtuka na ƙarshen shekara kuwa, ina da ƙorafi a kansa. Kullum na ɗaya da na biyu da na uku, fuskokin da aka sani tun daga aji ɗaya. Wanda ya taso daga na sittin ya dawo na arba'in ya fi su shan wahala, kuma ba mai kiran sunansa. Ku roƙi shugaban makaranta a ware masa ko da sabulu ne.

Ga wata dabara da ta dace da manyan azuzuwanmu. A 1969 aka bayyana ta daga wata firamare a jihar Kansas ta Amurka, inda wata malamar aji huɗu, Muriel Saunders, da abokan aikinta Barrish da Wolf suka raba aji gida biyu. Aka faɗi dokoki, aka ce duk wanda ya tashi ko ya yi magana ba izini a lokacin darasin, za a ja wa rukuninsa layi a allo. Rukunin da layukansa suka fi kaɗan ya ci, in kuma duka biyun ba su wuce adadin da aka yanka ba, duka sun ci. Ladan ba wani abu ba ne, irin su fara fita cin abinci da ɗan lokacin wasa. Daga baya aka gwada wasan a makarantun birnin Baltimo daga 1985, aka bi yaran har suka zama samari, aka tarar shaye-shaye da rigima sun yi ƙasa a cikin waɗanda suka yi shi, musamman mazan da suka fara makaranta da faɗace-faɗace. Ba ya bukatar komai sai alli. Ku fara da minti goma, ku riƙa sauya 'yan rukuni, ku kuma sa ido kada a taru a kan yaro guda a waje don ya jawo wa rukuni faɗuwa. In akwai mai ɓatawa da gangan, a mai da shi rukuni shi kaɗai na ɗan lokaci.

To, mun iso inda kuke jira, wato bulala.

Kusan dukkanmu da ita aka raine mu, har ana cewa wurin da bulalar malam ta taɓa wuta ba za ta ci ba. Magana ce ta bakin mutane, an ƙirƙire ta don a rarrashi wanda aka zane. In kuna son ku ji abin da malaman mazhabarmu suka ce, ku nemi Adabul Mu'allimina na Muhammadu ɗan Sahnun, mutumin Ƙairawan da ya rasu a 870, ɗan mai Mudawwana. Bai haramta duka ba, amma ku ji irin shingen da ya kewaye shi da shi. Kada ya wuce uku sai da izinin uba, kuma ko an ƙara kada a haura goma. Ba a bugun kai, ba a bugun fuska. Ba a yi cikin fushi. Ba a hana yaro abincinsa da abin shansa. Bai so a wakilta wani yaro ya bugi ɗan'uwansa ba. Ya hana malami aiken yara bukatun kansa, ya kuma wajabta masa daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Ku ɗora wannan a kan abin da ke faruwa a makarantunmu, na boko da Islamiyya da tsangaya: dorina goma sha biyu a taron safe, mari a kunne, tsallen kwaɗo a rana tsaka, siniyoyi suna zane ƙanana a ɗakin kwana, 'yan aji shida suna noma gonar malam da sunan horo. Wanda ya ce addini ne ya ba shi wannan, bai karanta ba.

Ibn Haldun ya ƙara gaba. A cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya ware fasali a kan cewa tsanani yana cutar da ɗalibai. Ya bayyana cewa wanda aka raina da ƙarfa-ƙarfa, kuzarinsa yana mutuwa, kasala ta kama shi, ya koyi ƙarya da makirci don tsoron hannun da ke kansa, har su zame masa ɗabi'a. Duk wanda ya daɗe a aji ya ga haka da idonsa. Bulala tana kawo shiru nan take, wannan gaskiya ne, shi ya sa take da farin jini. Amma shirun na bin mai bulalar ne, da ya fita sai ajin ya fashe a kan malamar da ta shigo bayansa. Kuma fata tana sabawa: wanda uku ta razana a farkon shekara, a ƙarshenta shida ba ta sa shi ƙifta ido. Ina za ka tsaya? Ga kuma Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda Anas ya yi wa hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma ba da shaidar cewa ko tsaki bai taɓa yi masa ba.

Ta fuskar doka, sashe na 55 na Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ya bar wa malamin makaranta damar ladabtar da yaro muddin bai yi masa mummunan rauni ba. Amma Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana cutar da jikin yaro ko wulaƙanta shi, kuma jihohi sun yi ta kafa irin tasu. Afirka ta Kudu ta hana duka a makarantu tun 1996, Kenya a 2001, hukumar ilimi ta Ghana a 2017. Iskar ta nuna inda ta dosa. Kuma ku sani, ranar da tsumagiya ta kauce ta sami ido, ko mari ya fasa dodon kunne, ba a kama makaranta, kai za a kama, waɗanda suka ce maka "ci gaba, haka aka yi mana" ba za su raka ka ofishin 'yan sanda ba. Shawarata, 'ya'yana, ku ajiye ta.

Ajiye bulala ba ya nufin laifi ya tafi a banza. Hukunci mai aiki ƙarami ne, tabbatacce, mai alaƙa da laifin. Wanda ya watsa shara ya share. Wanda ya yaga littafin wani ya liƙe, ko ya kwafe masa abin da ya ɓata. Wanda ya cinye lokacin darasi da surutu ya biya daga lokacin wasansa, minti biyar, kana tsaye a kansa, amma ka bar shi ya ci abincinsa. Biyun da ba sa iya zama tare a raba su. Wanda ya zagi wani ya ba shi haƙuri da bakinsa. Ka kuma hau a hankali: kallo tukuna, sannan ka matsa kusa da bencinsa kana ci gaba da darasi, sannan ka kira sunansa a hankali, sannan gargaɗi guda bayyananne, sannan hukuncin. Kada ka yi barazanar abin da ba za ka iya ba. "Sai na sa an kore ka" a kan laifin taunar cingam tana zubar da darajar duk wata magana da za ka yi nan gaba. In ranka ya ɓaci, ka ce, "Ka same ni bayan darasi." Kafin lokacin kai ka huce, shi kuma jiran kaɗai ya ishe shi tunani.

Abubuwa uku ina roƙonku ku bari ko da kowa na yi. Hukunta yaro don bai gane karatu ba, alhali wataƙila allon ne ba ya gani, ko kunnensa ne, ko Turancin ne bai shiga ba. Hukunta aji duka saboda mutum biyu, domin mai ladabi zai ga ladabinsa bai tsinana masa komai ba. Sai kuma ba monita takarda ya rubuta masu surutu ka dawo ka zane su ba bincike. Wannan takarda ta koya wa yara da yawa cin hanci tun kafin su san sunansa: a ba monita ƙuli-ƙuli a tsira, a hana shi a sha duka.

Makara tana bukatar tambaya kafin hukunci. Rufe ƙofa a kori yaro gida yana nufin wanda ya rasa minti ashirin ya rasa yini guda, kuma ba gidan zai koma ba, gidan kallo ko bakin kasuwa zai nufa. Ka tambaya. Wani rago ne, a ba shi shara bayan an tashi. Wata kuwa sai ta yi ɗiban ruwa ta wanke ƙannenta, wannan maganarta da iyaye za a yi, ta bakin ƙungiyar iyaye da malamai ko wata dattijuwa da ake jin nauyinta a unguwa. Ku kuma san gidan da kuke kai ƙara. Akwai uban da in ka ce masa ɗansa ya yi laifi, abin da zai yi masa da dare ya fi ƙarfin laifin sau goma. Irin wannan, ka fara masa da alherin yaron, ka kuma gaya masa cewa an riga an hukunta a makaranta, shawara kawai kake nema.

Akwai laifukan da ba na malamin aji ba ne shi kaɗai: wuƙa a jaka, ƙwaya ko sholisho, cin zalin ƙanana, taɓa 'yan mata, alaƙa da 'yan daba. Kada ka yi jarumtar rufe su, kada kuma ka yi shari'arsu a gaban aji. Ka kai wa shugaban makaranta a ranar, ka rubuta abin da idonka ya gani da kwanan wata, ka bar abin da ka ji a bakin wasu a matsayin ji. Ka fara tabbatar da lafiyar wanda aka zalunta. A gaban kwamitin ladabtarwa, ka nemi a saurari wanda ake tuhuma, a kira waliyyinsa, domin wani lokaci mai wuƙar tsoron wasu ne da ke tare shi a hanya ya sa ya ɗauko ta, su ma sai an san da su. Kora ta zama ta ƙarshe, bayan an gwada dakatarwa ta 'yan kwanaki da sharaɗi a rubuce. In kwamiti ya dawo maka da shi, ka sauya masa wurin zama zuwa inda idonka ke kaiwa, ka taimaka masa ya kwafe darussan da suka wuce shi, ka sa masa ranar da za ku riƙa ganawa kowane mako, kuma kada ka bari wani, ko malami ne, ya riƙa tayar da maganar a gaban 'yan ajinsu.